Awa Biyu Zuwa Bogotá

"Matsa shi ƙasa kaɗan," in ji Efraín, yana nuna allon kwamfuta.

Doña Nubia, mai shagon buga takardu, ta dube shi ta saman tabarau. "Don Efraín, asibiti ne fa, ba teburin mai gasa masara ba. Ina zan matsa shi?"

Kwana uku suna neman abin nan. Likita ta ce sunan matarsa Amparo ba zai zauna a jerin masu jiran dashen ƙoda ba, sai sun nuna cewa daga gidansu na garin Fusagasugá za su isa asibitin a Bogotá cikin awa biyu in an kira. Yau Nubia ta samo wani shafi: ka sa ɗigo a kan asibitin, ka rubuta awa biyu, sai ya shafa kore a duk inda mota za ta taso ta iso a kan lokaci.

Koren ya tsaya nesa da garinsu.

"Wace rana kika sa?"

"Litinin, bakwai na safe."

"Sa Lahadi."

Ta sa Lahadi, ƙarfe shida. Koren ya malala kamar ruwan da aka zubar, ya haɗiye Fusagasugá har da layinsu.

"To ga shi, maƙwabci. Saura ka roƙi Allah mai ƙodar ya mutu ran Lahadi." Ta yi dariya, sannan ta toshe baki. "Allah ya yafe mini."

Efraín ya yi shekara ashirin da biyu yana kai lemo da ayaba Bogotá a motar kaya, ya san abin da cunkoson Soacha ke yi wa mutum. In aka kira su ran Litinin suka makara, ƙodar za ta lalace, alhali akwai wani kusa da asibitin da aka tsallake saboda Amparo. Bai san sunan wannan mutumin ba. Hannun Amparo kuwa ya san shi, ya san yadda alluran wankin ƙoda suka mayar da shi.

"Ba ku da kowa a birni?" in ji Nubia.

"Ƙanwarta. Ɗaki ɗaya, yara huɗu."

Nubia ta juya ga allon. "Wanne zan buga?"

"Ranar tana fitowa a takardar?"

"Can ƙasa. In na yanke gefen, ba za ta fito ba."

Ya daɗe yana kallon koren.

"Yanke," ya ce.

Washegari ya hau bas ta ƙarfe bakwai, takardar a kan gwiwarsa. Goma da kwata bas ɗin tana tsaye a Soacha, bakin Bogotá. Mai tallar kofi ya shigo ya fita har sau biyu. Wayarsa ta yi ƙara.

"Ka isa, tsohona?" in ji Amparo, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya dubi jerin motocin da ba ya ganin ƙarshensu, ya kife takardar.

"Na kusa," ya ce.