Dokin Gidan Gu Mai Ƙafa Uku

Saura kwana tara a shiga shekarar Doki, allon katakon da gidan Gu ke buga hoton Doki da shi ya tsage biyu. Alluna goma sha biyu ne, kowace shekara da dabbarta, kuma tun kaka da kakanni gidan bai taɓa fashin buga hoton da mutanen ƙauye ke liƙawa a ƙofa ba.

Tsoho Gu Dehai ya ɗauko sabon katako, ya liƙa zanen a kife, ya hau sassaƙa. Aikin nan ba ya yafiya. Abin da ka bari shi ke ɗaukar tawada, abin da ka yanke ya tafi ke nan. Ga hannun tsufa sai rawa yake. A rana ta huɗu wuƙa ta zame, ta ɗauke ƙafar dokin ta gaba.

'Yarsa Shulan ta shigo da bokiti, ta leƙa.

"Baba, wannan dokin ko kasuwa ba zai kai ka ba."

"Rufe mini baki! Kira mini ɗan'uwanki Jianye."

"Na kira. Yana gaishe ka. Wai a sayi hoton da inji ya buga mana, ya fi kyau."

Jianye ɗin nan fa shi aka koya wa wuƙa, don a gidan Gu sana'a ta ɗa namiji ce, mace aure za ta yi ta kai wa wasu sirrin. To ga shi nan, ɗan yana birni yana sayar da wayoyi. Ita kuwa da aka ce za ta tafi, shekara arba'in ke nan tana wanke alluna da ruwan sanyi, don na zafi yana lanƙwasa katako. Tana ƙarama ta taɓa ɗaukar wuƙar, uban ya kwaɗa mata mari.

Tsoho ya dubi dokin mai ƙafa uku. Ya juya wuƙar, ya miƙa mata ƙotar.

"Ungo. Ai idonki ya ga komai."

Shulan ta goge hannu a riga ta karɓa. Yatsun sun kumbura, sun karkace, sun ƙi dunƙulewa. Wuƙar ta faɗi. Ta duƙa ta ɗauka, ta sake faɗuwa.

"Haba Baba, sai yanzu? Ko tsinken cin abinci da ƙyar nake riƙewa."

Ta rataya bokitin a gwiwar hannu ta fita, don sauran alluna goma sha ɗaya na jiran wanki.