Ba Wanda Zai Karanta Wannan

Matakala talatin da ɗaya. Kawu ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ɗan yayarsa na jan hannunsa kamar mai jan buhu.

"A hankali, Kawu, akwai kwana."

"Sandata ta riga bakinka faɗa min."

Injiniya ake ce wa ɗan yayar nasa. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya sayi kwamfuta ta hannu. Wata uku ke nan yana gwajin aiki a wannan kamfani mai sayar da magunguna ta intanet, kuma yau za a ce masa zauna ko tafi. An sa shi ya gyara shafin kamfanin yadda makafi za su iya sayayya da kansu. Ya ce ya gama. Saura a samo makaho a ɗauke shi bidiyo yana yabawa. Sai aka tuna akwai guda a dangi.

Da safe Yaya, uwar Injiniya, ta kira Kawu a waya. Ya haura hamsin, amma har yau Auta take ce masa.

"Magana ɗaya ce fa, Auta. Ka faɗa ka taho. Shekara huɗu yana zaune min a falo, kujerar har ta lotsa."

Ofishin na warin kafet mai danshi da turaren da aka fesa don a rufe warin. Wani mutum ya taso, takalminsa na ƙara, ya kama hannun Kawu da hannu biyu.

"SANNU DA ZUWA, BABA! NI NE MANAJA!"

"Idona ne ya mutu, ranka ya daɗe. Kunnen na nan."

Manaja ya yi dariyar da ake yi wa yaro in ya yi wayo. Ya juya ga Injiniya. "Zai sha ruwa?"

"Zai sha," in ji Kawu.

Aka zaunar da shi. Wata mai kyamara ta zo tana juya masa kafaɗa, sannan ta tambayi ɗakin ko ba shi da baƙin tabarau. Don a gane makaho ne, in ji ta. Babu. To a ɗora masa sandar a cinya ta fito sosai.

Manaja ya shiga bayani, ba don Kawu ba, don kunnensa ya ji muryarsa. Akwai manhajar da ke duba shafi. Da duk ja take nunawa, alamar matsala, yanzu ko'ina kore. Aikin wannan matashi ne. Masu buƙata ta musamman, in ji shi, suna cikin zuciyar kamfani.

Kawu ya san manhajar. Duk ranar Asabar yana koya wa makafi amfani da waya a ɗakin ƙungiyarsu, mutum arba'in da wani abu. Wayar makaho ba ta ganin hoto. Abin da aka rubuta a bayan hoton, inda mai ido ba ya gani, shi take karanta masa. Ita kuwa manhajar tambaya ɗaya ta iya: akwai rubutu ko babu? Me rubutun ya ce, wannan ba ruwanta.

"Ga abin da za ka faɗa," in ji Manaja. "Na gwada, kuma kowane makaho zai iya sayen maganinsa a nan shi kaɗai."

Kawu ya san inda bidiyon zai je. Kafin Asabar yana wayar kowa a ajinsa. Akwai wata mai ciwon suga a cikinsu, wadda ta gaji da roƙon maƙwabta su karanta mata kwali. In ya ce ya yi, ba za ta tambayi kowa ba.

"Bari in gwada tukuna."

"Ai ba sai ka wahala ba, Kawu," in ji Injiniya.

"An ce in ce na gwada."

Ya ciro wayarsa, ya sa iyafis a kunne, ya buɗe shafin. Ya shiga wajen maganin tari. Sunan kowane magani da ƙarfinsa a jikin hoton kwalbar suke, don haka sai abin da aka rubuta a baya. Ya goga yatsa. Muryar wayar, wadda ba ta fushi ba ta dariya, ta ce:

"Hoto. Ba wanda zai karanta wannan."

Ya sake gogawa.

"Hoto. Ba wanda zai karanta wannan."

Na yara ne? Na manya ne? Oho. Ya koma wajen maganin suga. Haka. Na hawan jini, haka. Ya yi ta gogawa har wajen arba'in. Can ƙasa marubucin ya canza baki.

"Hoto. Na gaji wallahi."

"Hoto. Ina ruwan makaho da hoto."

Kawu bai motsa ba. Wanda ya rubuta wannan ɗin, yana ɗan shekara bakwai, shi ke zama a cinyarsa yana karanta masa jarida da in'ina.

A bayansa numfashin Injiniya ya canza. Ya tuna ke nan. Ya sunkuyo, bakinsa dab da kunnen da babu iyafis.

"Kawu, cajinka bai yi ƙasa ba? Ka ce ya ƙare. Don Allah."

"To, Baba?" in ji Manaja. "Ya yi?"

Kawu ya zare wayar iyafis ɗin, ya ƙure sauti, ya goga yatsa. Muryar ta cika ɗakin. Ya bar ta ta faɗa sau biyar, sannan ya gangara ƙasa don su ji na ƙarshen. Mai kyamara ta tuntsire da dariya, ta mai da ita tari.

Kawu ya jira tsawa. Har ya ji a ransa zai ɗan ga girman mutumin in ya yi ta.

"Har yanzu kore ne?" in ji Manaja.

"Kore ne, yallaɓai," in ji Injiniya, da ƙyar.

"To mene ne? A cire sautin wayar. Baba, mu manya ne, kada mu ɓata wa juna lokaci. Ka faɗi maganar, yaronka ya zauna. Ba ka faɗa ba, da shi da bidiyon ba abin da za su yi min."

Injiniya ya dafa kafaɗarsa. Hannun a jiƙe yake.

Kawu ya gyara zaman sandar a cinyarsa ta fito sosai, kamar yadda aka so. "Ina kyamarar take?"

"Gabanka, dama kaɗan."

"Kunna."

Ya ji ɗan ƙit.

"Na gwada," ya ce. "Kada makaho ya sayi ko maganin ciwon kai a nan."

"Kashe," in ji Manaja. Bai ɗaga murya ba. Ya juya ga Injiniya. "Kai, ajiye katin shigarka a kan tebur."

A bakin matakala Injiniya ya sha gabansa.

"Ka kashe ni, Kawu. Magana ɗaya! Ɗaya tak!"

"Hotuna nawa ne a shafin?"

"Me ya kawo wannan?"

"Nawa ne?"

"Ɗari huɗu da 'yan kai."

"To kai ka faɗi ɗari huɗu da 'yan kai. Ni ɗaya na faɗa."

Injiniya bai miƙo hannu ba. Kawu ma bai nema ba. Ya lalubo ƙarfen gefe, ya sa sanda gaba. A ta goma sha biyu wayar ta fara ruri a aljihu, muryar ta ce Yaya ce ke kira. Ya wuce kwanar. Ta katse, ta sake kira. Sai da ya taka ta talatin da ɗaya, ƙarar motoci ta daki fuskarsa, sannan ya ɗauka.

"Auta, yaya? An ɗauke shi?"

"A'a. Ki karkaɗe masa kujerarsa."

Ta kashe. Ya mai da wayar aljihu, ya nemo bakin titi da kan sanda, ya yi hagu.