Illo Maroƙi Ya Je Sayen Fata

Shekarar da kamfanin Turawa masu sayen fata ya buɗe ajin koyon ciniki a Sakkwato, ba wanda ya zaci Illo na Ƙofar Marke zai nemi shiga. Illo maroƙi ne, ɗan maroƙi, jikan maroƙi. Amma ya gaji da jiran a haihu ko a ɗaura aure kafin a ɗora tukunya a gidansa. So yake ya iya saye da sayarwa kamar kowane ɗan kasuwa. Ga shi gurbi ɗaya ya rage a ajin.

Mai tantance masu nema shi ne Malam Siddiƙu, akawun kamfanin, mutumin da ake cewa ko ranar salla ba ya dariya. Ya hango Illo tsugune cikin 'ya'yan malamai da 'ya'yan fatake, ya ƙara ɗaure fuska.

"Illo, mi kaz zo yi nan? Ba a haihu ba."

"Gafarta Malam, karatun ciniki niz zo nema."

Samari suka ƙunshe dariya. Malam ya miƙa masa kuɗi, ya nuna wani mutum a bakin rumfa.

"Wancan Ƙasimu na, daga Wamakko. Tahi ka sayo jar hwatar akuyar da ag gare shi, da araha. In ka iya, gurbin naka na."

To, kowa ya san yadda ake sayen fata. Ka juya ta, ka yatsine, ka ce wuƙa ta taɓa ta, ka yi kamar za ka tafi. Illo ya nufi Ƙasimu yana ta bitar kushe a zuci. Sai dai fatar nan, tsakani da Allah, ta yi kyau: ja wur, ga laushi, ko ƙwarzane babu. Ya buɗe baki zai ce ba ta da kirki, harshe ya ce bai san wannan ba.

"Kai! Hwata ta gidan girma! Akuyar da tac ci dawa ta ƙoshi!"

Shi ke nan, baki ya ɓalle. Daga akuya ya hau kan Ƙasimu, daga Ƙasimu ya hau ubansa mai ciyar da baƙi, ya gangaro kan shinkafar fadamar Wamakko. Mutane suka taru. Illo yana jin muryarsa tana tashi, alhali ya san kowane kirari ƙara wa fatar tsada yake. Ya so ya yi shiru, ina!

Ƙasimu kuwa sai kumbura yake, yana gyara hula. Mutumin da aka wasa haka a gaban jama'a, ya za a yi ya bar maroƙi ya tafi hannu sake? Ya ɗauki fatar ya yafa wa Illo a kafaɗa.

"Na ba ka, don albarkar tsohona!"

Illo ya dawo da fata da kuɗin duka. Malam Siddiƙu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"To wace araha ta hi wagga?"

Illo ne kaɗai bai yi dariya ba. Kunya ta rufe shi, har idonsa ya kawo ruwa.

"Malam, ban saya ba, ba ni anka yi. Wanga na iya tun ina goye. Abin da ban iya ba shi niz zo koyo."

Malam ya naɗe rawaninsa, ya ce:

"Gobe da sahe ka zo aji. Amma koma ka saye ta."

Illo ya koma wurin Ƙasimu, nan fa aka yi rigima. Ƙasimu ya rantse ba ya karɓar kuɗin abin da ya ba da kyauta, Illo ya rantse sai ya biya. Da ƙyar Ƙasimu ya yanka farashi, Illo ya biya nan take, ya ma manta ana tayawa.

"Na sallama," in ji Ƙasimu. "Allah shi ba mu alheri."

Malam ya dafe kai, ya ce an tsuga wa Illo tsada har ninki. Illo ko a jikinsa. Murna ta cika shi fal, ya kama hanyar gida da sauri kamar ya tashi sama, duk wanda ya gamu da shi sai ya riƙe masa hannu.

"Ka ji labari? An cuce ni! Ciniki niy yi, anka cuce ni!"