Abincin Gwangwani

Ba abin da ya kai ƙarar buɗe gwangwani daɗi a kunnen Inna. Kullum da safe Auta za ta faɗo ɗakin da makullin mota a hannu, ta ja ɗan zoben murfin, ta juye naman a kwanon mage. Kafin magen ta lashe kwanon, Inna ta samu rabonta: "Kin sha magani?" da "Ya ƙafar?" Ranar da aka yi sa'a, har Auta ta ɗan ɗosana a hannun kujera.

Ciwon gaɓoɓi ya daɗe da lanƙwasa yatsun Inna, ba sa iya jan zoben. 'Ya'yanta ne suka kawo mata magen bayan rasuwar mahaifinsu, wai ta ɗebe mata kewa, daga nan kowa ya kama gabansa. Ba don gwangwanin nan ba, ita ma Auta sai dai a ji ta a waya. Inna ta san da haka sarai, kuma abin yana mata ciwo, amma ba ta taɓa furtawa ba.

* * *

Ranar nan sai ga Auta tana jan wani ƙaton buhu, tana haki.

"Inna, mun huta! Busasshen abincin mage ne wannan, ba ya lalacewa. Ki ɗiba da kofi ki zuba mata, shi ke nan. Ba sai na riƙa ratsowa kullum ina makara a wurin aiki ba."

Inna ta miƙa wuya. Ta leƙa buhun, ta taɓe baki.

"Wannan tsakuwar? Ba za ta ci ba. Haƙoranta ba ƙwari."

"Kai, Inna! Naki dai, ko nata?" Auta ta yi dariya. "Na tambayi likitan dabbobi. Ya ce na gwangwani ya fi ruwa a jiki, amma in dai akwai ruwan sha kusa da ita, ba matsala."

"Shi likitan ya fi ni sanin halinta ne? Ni nake wuni da ita."

"To, mu gwada. In ta ƙi, na ci gaba da zuwa."

Ƙwayoyin suka zuba a kwano, ƙwarararas. Magen ta taso a hankali, ta shinshina, ta kau da kai, ta koma bakin ƙofa tana lasar ƙafa. Inna ta ji wani sanyi a ranta. Tsofai-tsofai da ita, ga ta tana roƙon Allah a zuci ya sa dabba ta ƙi abinci. Kunya ta kama ta, amma ba ta daina roƙon ba.

"Kin gani ko?" in ji Inna.

Ba ta rufe baki ba magen ta yi miƙa, ta dawo, ta tsunduma kai cikin kwanon. Ƙurus, ƙurus, ƙurus.

Auta ta tafa hannu. "Yauwa, 'yar albarka! Inna, in ya kusa ƙarewa ki kira ni."

* * *

Ƙarar motar ta yi nisa, ɗakin ya yi tsit. Magen ta ƙoshi, ta zo tana goga jiki a ƙafar Inna, ita kuwa ta kasa ko da harararta. Ta dafa bango ta miƙe, ta je ta tsaya kusa da buhun don ta ga tsawonsa.

Ya kai mata har ƙugu.