Man Keke a Bindigar Jalo

Kun ji abin da ya sami Shafa'atu ta unguwar Barking can Turai kuwa? Ɗanta Jalo ya zama saurayi, ya daina hira da ita, kullum yana ɗaki da bindigar wasansa mai gas. Baiwar Allah ta ce bari ta jawo shi jiki. Yana makaranta ta ɗauko man keken ɗinkinta, ta ɗiɗɗiga wa bindigar ko'ina.

Ba a jima ba robobin ciki suka kumbura, gas na ta zurarewa fuuu. Da Jalo ya gano abin da ta yi, sai ya ɗaga murya:

"Mum, man silicone na musamman ake sa mata! Man keke cin roba yake yi!"

"Haba Jalo, ai mai mai ne."

Washegari ya sa wa ƙofarsa kwaɗo. Har yau a bakin ƙofar nan take ajiye masa tuwonsa, a nan yake hucewa.