Sawun Burodi

Kamfanin da ke sayen burodin Dzarma yana kai wa sansanonin 'yan gudun hijira ya turo ma'aikaciyarsa, Ketura, ta auna hayaƙinsa. Ta zo gidan burodin a unguwar Gomari da sikeli, ta auna itacen da tanda ke ci a yini, ta tambayi man da motar fulawa ke sha daga Kano. Ta ce kowane burodi yana da sawu, wato hayaƙin da aka tayar kafin ya kai bakin mai ci, kuma mafi yawan nasa daga itace yake. In bai koma gas ba, za su nemi wani.

Dzarma bai yi musu ba. Abin da ya dame shi Gumsu ce, matar da ke kawo masa itace tun da aka ƙone ƙauyensu. Takan ƙetare ramin da sojoji suka haƙa a bayan gari ta saro, da shi take ciyar da jikokinta. Akwai matan da suka fita tare da ita ba su dawo ba. Ya yi ta faɗa wa kansa cewa sallamarta taimako ne, har ya kusa yarda.

Da Gumsu ta sauke kaya, ya kawo mata ruwa, ya yi mata bayanin sawu yadda aka yi masa, ya ce zai koma gas. Ta ce ai su ma da sawu suke aiki: in suka ga na babur a yashi, sai su juya, don 'yan bindiga na kusa.

"Wannan a sama yake, Ya Gumsu."

"To wa ya hau ya gano?"

Ya yi dariyar dole, ya ce ko ba komai ta huta da daji.

"Mai burodi, kai dai ka huta da ni."

Ta ce za ta kai wa masu bandar kifi a unguwar Gamboru. Su itace mai kauri suke so, na kusa kuwa ya ƙare, sai an nutsa ciki. Ba ta yi fushi ba. Ta naɗe gammonta, ta ce ya gaida iyali.

Bayan an kafa tandar gas, Ketura ta dawo ta sake awo, ta ce sawunsa ya ragu sosai, kamfani zai ci gaba da shi. Dzarma ya tambaye ta, itacen da Gumsu ke sarowa yanzu, hayaƙinsa a wuyan wa yake? Ta murza idonta, da alama gidajen burodi da yawa ta zaga ranar.

"Ba a naka ba, Baba. Ba kuma a namu ba."

Ya raka ta bakin ƙofa. Wurin da ake jibge itace an share shi tas, sai ɓawo kaɗan a gindin bango. Ya ɗauko tsintsiya, ya tsaya da ita a hannu, sannan ya mayar inda take.