Ci Sha a Garejin Mista Liyang

Shitu ya ce yana jin Sinanci, kuma babu wanda ya taɓa gwada shi. A kasuwar Shisanhang, inda yake raka matan Kano sarin riguna, kalmomi kaɗan ne ke aiki: nihau in ka shiga, shishe in za ka fita, lawban ga mai shago, sai meyo, wato babu. Sauran duk hannu ne da girgiza kai. Amma Shitu yana furta su ta hanci yana ɗaga gira, har baƙi su ɗauka a Guangzhou aka yanke masa cibiya.

Sai ga Alhaji Kallamu daga Maraɗi ya sauka a wani otal na Liuhua Lu. Shi ba riguna suka kawo shi ba, kan tirela yake nema. Ya ce masu manyan motoci na garinsu suna son mutum ɗaya mai jin harshen ƙasar, wanda zai riƙa tsaya musu duk wanda ya zo. Shitu ya hango ranar da zai daina bin bayan Hajiyoyi da buhu a kafaɗa.

"Alhaji, ai ka zo gida," ya ce. "Ni har mafarki da Sinanci nake yi."

Kallamu gajeren mutum ne mai ƙarancin magana, wanda ya tsufa a kan sitiyari kafin ya mallaki nasa motocin. Ya dube shi ya ce, "Bon, to. Mu tahi."

Garejin yana bayan gari, fili ne mai laka cike da kawunan tireloli na hannu. Mai wurin, Mista Liyang, ya fito da sigari a bayan kunne. Shitu ya sakar masa nihau mai tsawo, ya bi ta da lawban, ya waiwayo ya ga ko Alhaji ya ji.

Liyang ya kai su gaban wata jar mota. Ya tsugunna a gefenta, ya ƙwanƙwasa wasu tankuna masu kama da tukunyar gas da ke kwance a ƙarƙashi, ya yi dogon bayani. A ciki kalma biyu suka yi ta dawowa: ci sha, ci sha.

A bakin mutanen ƙasar, ci iska ce, sha kuma birki. Birkin iska yake nufi. Shitu kuwa ya ji Hausa tsantsa, fuskarsa ta washe.

"Mi ya ce?" in ji Kallamu.

"Ya ce yau sai mun ci mun sha. Haka suke wa manyan baƙi. Ka ga amfanin zuwa da ɗan gari."

Kallamu ya dubi tankunan, ya dubi Shitu. "A ƙarƙashin kamiyo za mu ci?"

"Salon maganarsu ne, Alhaji. Suna son nuna abu in suna magana."

Liyang ya kama wani zobe a gindin tanki ya ja. Iska ta feso da ruwa mai tsatsa. Yana nuna cewa kullum sai an zubar da ruwan da ke taruwa a ciki, in ba haka ba ya ci bututun. A cikin bayanin, Shitu ya tsinci kalmar ruwa, wadda ya sani daga sayen na gora.

"Ya ce ruwa ma akwai. Mai sanyi."

"Na gan shi," in ji Kallamu, yana kallon jan tabon da ya sauka a ƙafar wandon Shitu.

Liyang ya hau ya tayar da injin. Nan take wata ƙara ta fara tsuwa a cikin motar, jar fitila na ƙiftawa. Ya nuna agogon iska, allurarsa na kwance a ƙasa, ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo ci." Babu iska, a jira.

Shitu ya yi ajiyar zuciya irin ta mai isar da labari mara daɗi. "Ya ce a ɗan yi haƙuri, abincin bai sauka ba."

Kallamu ya gyara zaman hularsa. Da wani ne da ya tsaya nan, amma tafiyar daga Maraɗi doguwa ce, kuma ya daɗe bai samu abin nishaɗi ba.

"Tambaye shi, an taɓa canza kwamfuresa, ko na asali ne?"

Shitu ya matsa kusa da ƙofa, ya rage murya. "Lawban. Ci sha... oke?"

Liyang ya ɗaga babban yatsa, ya zubo magana da sauri.

"Ya ce shinkafa ce da kaza. Yankan Musulmi, na tabbatar."

"Kwamfuresa fa?"

"Wannan sai bayan an ci. Ba sa haɗa ciniki da yunwa."

Allura ta fara hawa a hankali. Kallamu ya jingina da jikin motar, ya kasa kunne kamar mai sauraron numfashin jinjiri.

"Malam Shitu, matso ka ji. Injin na juya kwamfuresa, kwamfuresa na hura iska cikin tankunan nan. In ka taka birki, iskar ce ka tahi ta danne ƙahwahu. In iska ta yi ƙasa, akwai sifirin da ke kama tayoyin baya ya riƙe, ko ka yi kuka ba ta motsawa. Ka gane? Motar ga, in ta san cikinta babu komi, tsayawa take, har ta yi ƙara ta shaida wa mutane."

"Ai na sani, Alhaji. Na yi harkar mota a Ƙofar Ruwa."

"Madalla. To akwai wani ɗan ƙarhe, bai kai dunƙulen hannu ba. Aikinshi guda: in tanki ya cika, ya ce ma kwamfuresa ya isa haka nan. In ta ragu, ya ce ci gaba. Ba don shi ba, da ta yi ta hurawa har wani abu ya hwashe." Ya dubi Shitu tun daga hula har takalmi. "Ba kowa aka sa ma shi ba."

Shitu ya yi dariya, don ya ga kamar wurin dariya ne.

Ƙarar cikin motar ta ɗauke. Allura ta ci gaba da hawa, ta tsaya. Sai motar ta saki wata iska mai ƙarfi daga ƙasa, fusss, ta watsa laka. Haka take yi duk lokacin da tanki ya cika.

Kafin ƙarar ta mutu Shitu yana bayan wata mota, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya maƙale a laka.

"Taya ce, Alhaji, ja da baya."

Liyang ya leƙo ta taga yana dariya har sigarinsa ya faɗi. Kallamu bai ko motsa ba. Ya sunkuya ya dafa tanki, ya ɗago ya dubi Liyang.

"Ci?"

Liyang ya kumbura kumatu ya hura iska, ya gyaɗa kai.

Kallamu ya taka ƙasa da ƙafar dama kamar mai danna birki. "Sha?"

Liyang ya tafa hannu, ya miƙo masa babban yatsa. Daga nan suka ci gaba su biyu. Kallamu ya nuna kwamfuresa ya juya hannu, Liyang ya kawo tsohon da aka cire ya ajiye a gabansa. Suka kashe injin, suka zuba wa allura ido su ga ko za ta sauka. Ba ta sauka ba. Babu wanda ya nemi tafinta.

Shitu ya dawo yana ɗingishi, takalmi a hannu. Ya tsaya a gefensu har ya samu gurbin magana.

"Alhaji, matsalar mutumin nan yaren ƙauye yake yi. Ni Sinancin birni na iya."

"Haka na gani," in ji Kallamu. "Koma birni, suna jiranka. Gobe ba sai ka zo ba, ni da patiro mai garejin nan mun hwara jin juna."

"Maganar mutanen Maraɗi fa?"

"Zan ba su labarinka. Duka, ba zan rage komi ba."

Ya kama ƙarfe ya haye mazaunin direba. Liyang ya shiga ofis ya fito da ruwan zafi a kofin takarda, irin wanda suke ba kowane baƙo, ya miƙa wa Shitu da hannu biyu, sannan ya zagaya ya shiga motar. Shitu ya tsaya a laka yana kurɓa, yana ƙona harshe, jar motar na zagaya filin tana taka birki tana huci.